Babi na Huɗu: Damin Farko na Wane Ne?

Me ya sa tsofaffinmu ba sa son a kai sabon hatsi baki kafin a cire na Allah? Duk shekara in gero ya fara nuna yara sai sun yi wannan tambaya, manya da yawa kuma ba su da amsa sai su ce haka suka tarar. A ƙasar Bagudo, daga Illo zuwa Kaoje, daga Tsamiya zuwa Lolo, har a tsallaken iyaka wajen Segbana, akwai gidajen da har yau ba su bar wannan ɗabi'a ba. Musulmi ya ɗebi na farko ya aika wa malami, ko a dama kunu a kira almajirai. Kirista ya ɗaure dami ya kai majami'a ranar Lahadi. Mai lissafi kuwa sai ya ce: ai akwai zakka, in an gama sussuka za a auna a fitar, to gaggawar mece ce?

Tambayarsa tana kan hanya. Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin wata tsohuwar kalma ta Ibrananci, harshen da aka rubuta Attaura da Zabura da shi. Amma sai mun fara shiga gona tukuna.

Lokacin da rumbu ya kai ƙasa

Wanda bai taɓa yin watan Agusta a karkara ba, da wuya ya gane nauyin wannan al'ada. Marka ce, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, ko'ina ya yi kore shar, amma rumbu ya kai ƙasa. Hatsin bara ya ƙare ko yana dab da ƙarewa, tiya ta yi tsada, uwargida na auna garin tuwon dare tana lissafin bakuna. A cikin wannan hali ne gero ke cika ido. Yaro ya kutsa gona, ya latsa zangarniya da farce, ya ji ƙwayar ta yi ƙwari, ya karyo. A ɗora a garwashi ana juyawa har ƙamshi ya tashi, a murza a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinsa. Tumu ke nan, kuma duk wanda ya ci shi da yunwar damina ba ya manta daɗinsa.

Abu biyu ne suka haɗu a kan wannan zangarniya. Tana zuwa daidai lokacin da gida ya fi bukatarta, sannan tana zuwa tun ba a san makomar sauran gonar ba. Ruwa na iya ɗaukewa da wuri. Jan-baki na iya sauka su share gona cikin kwana kaɗan. Mutanen bakin Kwara kuwa sun fi kowa sanin cewa kogin da ke ciyar da su shi ne ke iya cinye wahalarsu: a daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ana saura kaɗan a sa lauje. Saboda haka wanda ya ba da na farko ya ba da abin da ke hannunsa ne, alhali na biyu yana hannun Allah.

Kalma ɗaya mai ɗauke da kaya biyu

Kalmar ita ce reshit. Tushenta rosh, wato kai. Wanda ya yi karatun zaure zai ji ta yi masa kama da ra'asu ta Larabci, kuma ba kuskure ya yi ba, don harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Ta zo kimanin sau 50 a littattafan Ibrananci, kuma da ita aka buɗe Attaura baki ɗaya. Shi ya sa Yahudawa ke kiran littafin farko Bereshit, masu fassara zuwa Hausa kuma suka sa masa suna Farawa.

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa tare da wasu, mai karatu da Hausa yana cin karo da kalmomi daban-daban a inda Ibrananci ya yi amfani da guda. In ana maganar lokaci sai a ce farko ko mafari. In ana maganar amfanin gona sai a ce nunan fari. Wani wurin kuma sai a ce mafi kyau, kamar inda Annabi Amos ke zargin masu hannu da shuni na Samariya da shafa man da ya fi kowane kyau alhali ƙasarsu na rugujewa. Fassarar ba ta da laifi, haka Hausa ke magana. Sai dai mai karatu ba zai taɓa zaton cewa kalmar da aka faɗi farkon halitta da ita, ita ce kuma sunan damin da manomi ke kaiwa gaban Allah ba.

Da ita kuma Yakubu ya kira babban ɗansa Ra'ubainu, a matsayin farkon ƙarfinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bafulatanar Kaoje ko Bahaushiyar Bagudo da ke kunyar kiran sunan ɗanta na fari. Mun daɗe da sanin cewa na fari yana da wani matsayi da sauran ba su da shi, ko da ba mu iya bayyana dalili.

Dami ɗaya kafin kowa ya ci

A ƙasar Isra'ila ta dā, ruwa na sauka ne da hunturu, sha'ir kuma shi ke riga kowane hatsi nuna, wajen watan Maris zuwa Afrilu. Littafin Firistoci, sura ta 23, ya umarci a yanko dami guda na farko a kai wa firist, shi kuma ya kaɗa shi a gaban Allah. Kafin a yi haka an hana cin komai na sabon hatsi, kuma an lissafa su ɗaya bayan ɗaya: gurasa, da gasasshen hatsi, da ɗanyar tsaba. Gasasshen hatsin nan tumunsu ke nan. Ashe yaron Bayahude ma, shekaru dubbai da suka wuce, ya tsaya bakin gona yana haɗiyar yawu yana jiran a ba da izini.

Daga ranar damin sai a ƙirga mako bakwai. A rana ta 50 a kawo gurasa biyu ta sabuwar alkama. Wannan shi ne Idin Makonni, wanda Kiristoci suka fi sani da sunansa na Girkanci, Fentikos. Dokar ba ta tsaya a gona ba, ta shiga har madafa da garke: Littafin Ƙidaya ya ce a gutsiri na farkon ƙullin gari, Maimaitawar Shari'a kuma ta haɗa da farkon mai da farkon ulun da aka sausaye daga tumaki.

Malaman Yahudawa sun adana yadda ake yin abin a wani kundi da ake kira Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya. Manomi na zagaya lambunsa, da ya hango ɓauren da ya riga saura nuna sai ya ɗaura masa zaren ciyawa, ya furta cewa wannan nunan fari ne. Tun yana bisa reshe ya fita daga hannunsa. In lokaci ya yi, mutanen ƙauyuka su taru su kwana a dandalin babban garin yankinsu, da asuba su kama hanyar Urushalima. A gabansu sa ne da aka yi wa ƙahoni ado da zinariya, mai sarewa yana busa. Masu kuɗi na zuba nasu a kwandunan azurfa da zinariya, talakawa a kwandunan saƙa. Masu sana'a na birni su miƙe tsaye su yi musu maraba. Wannan tafiya ta tsaya ne a shekara ta 70, lokacin da Rumawa suka rushe Haikali.

Zaren ciyawar nan ne ya fi tsaya mini a rai. Ba wanda ya ga manomin lokacin da ya ɗaura shi. Da ya so, sai ya cinye wancan ya kawo wani, ba mai ganewa.

Abin da manomi ke faɗa da bakinsa

Sura ta 26 ta Maimaitawar Shari'a ita ce zuciyar wannan magana, don a nan ne aka faɗi abin da mai kwando zai furta in ya ajiye shi gaban bagadi. Mai karatu zai zaci zai ambaci wahalar da ya sha, da huɗa da shuka da noman firi da maimai. Ko ɗaya bai ambata ba. Tarihi yake bayarwa. Yana cewa kakansa mai yawo ne da ba shi da ƙasa, ya gangara Masar da 'yan mutane kaɗan, aka bautar da zuriyarsa, suka yi kuka Allah ya ji, ya fisshe su, ya kawo su wannan ƙasa. Sai a ƙarshe ya ce ga farkon amfanin ƙasar da aka ba shi. Wato mutum na tsaye da amfanin gonar da ya nome da hannunsa, yana shaida a bainar jama'a cewa gonar kyauta ce, shi kuma jikan baƙo ne.

Ina ganin babu inda wannan ya fi dacewa a ji shi kamar bakin iyakarmu. Wace zuriya ce a ƙasar Bagudo ba ta da labarin zuwa? Sarautar Illo tana danganta asalinta da Kisra, kamar 'yan uwanta na Busa da Nikki. Dandawa da Zabarmawa kogi suka biyo. Fulani shanu suka biyo. Hausawa da yawa jikokin fatake ne da ke ƙetare Kwara a nan kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, wasu suka sauke kaya suka zauna. Sai a 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Paris suka ja layi, Illo da Busa suka faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta tafi hannun Faransa, aka raba ƙasar Borgu gida biyu. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, wasu na kashe naira wasu na kashe sefa. Duk da haka in rikicin gona ko na burtali ya tashi, kalmar da ke saurin fitowa daga bakin kowa ita ce: mu ne 'yan ƙasa, su baƙi ne.

Surar ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Bayan an ajiye kwando, ta ce manomi ya yi murna da alherin da ya samu, shi da Balawe, wato mai hidimar ibada da ba shi da gadon gona, da kuma baƙon da ke zaune a cikinsu. An ambaci baƙo da sunansa a wurin cin. Mutumin da ya gama faɗa da bakinsa cewa kakansa baƙo ne, da wane ido zai hana baƙo zama a tabarma?

Bambancinsa da zakka

Yanzu mu koma ga mai lissafin nan. Zakkar hatsi a Musulunci tana da ma'auni sananne: kashi ɗaya cikin 10 in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin 20 in da wahala aka yi ban ruwa, kamar masu noman rani da inji a fadamun Kwara. Tana da nisabi, wusuƙi 5, wato sa'i 300, wanda bai kai ba kuma ba ta hau kansa ba. Attaura ma tana da nata ushirin daban. Duk waɗannan sai an sussuke an sheƙe an auna. Mutum ya san abin da ya samu, sannan ya cire.

Nunan fari kuwa Attaura ba ta yanka masa adadi ba, kuma yana fita ne tun ba a san jimilla ba. Zakka na tambayar nawa ka samu. Shi wannan yana tambayar wa ka fara tunawa da shi.

Akwai kuma wani abu. Je kasuwar hatsi, ko a Tsamiya ko a Malanbil, ka kalli mai saye. Ba ya zazzage buhu. Yana soka ƙarfe ya zaro ɗan kaɗan a tafinsa, ya duba, ya tauna ƙwaya biyu, ya yanke hukunci a kan buhun duka. Abin da ke tafin hannunsa wakilin na cikin buhu ne. Haka reshit take, kai ce da ke wakiltar jiki. Manzo Bulus ya yi amfani da wannan tunani a wasiƙarsa ga Romawa, inda ya nuna cewa in gutsuren farko na ƙulli tsattsarka ne, to sauran ƙullin ma haka yake. Mutane da yawa sun ɗauka in sun fitar da na Allah, saura ya zama nasu, su yi yadda suka ga dama. Ma'anar ta fi haka nauyi. Wanda ya miƙa damin farko ya amsa cewa rumbun duka yana da Mai shi. Daga nan ba shi da bakin tauye mudu, ko zuba tsakuwa a ƙasan buhu, ko kulle hatsi a sito yana jiran Agusta maƙwabta su zo suna roƙo.

A Madina ma an kai na farko

Kada Musulmi mai karatu ya ɗauka wannan zancen wasu ne can. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, da kuma Sahihu Muslim, an ruwaito daga Abu Huraira cewa mutanen Madina in suka ga 'ya'yan itacen farko sun nuna sukan kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ya karɓa ya roƙi albarka ga amfaninsu da garinsu da sa'insu da mudunsu, sannan ya kira yaro mafi ƙanƙanta da ya gani ya miƙa masa.

Hukuncin ba ɗaya ba ne, kuma bai kamata a cakuɗa ba. Musulunci bai wajabta wannan ba, bai kuma hana cin sabon amfani kafin a kai ba. Aya ta 141 ta Suratul An'am ta halatta ci daga amfanin in ya fito, ta kuma umarci a ba da hakkinsa ranar girbi. Amma ladabin iri ɗaya ne, kuma a kula da inda ɗan itacen ya ƙare: bai tsaya a hannun babba ba, ya koma hannun yaro. Su ma Dakarkarin Zuru da bikinsu na Uhola, da Inyamurai da bikin sabuwar doya, kowa da tasa hanyar, sun san kaka ba a shigarta kai tsaye ba sallama.

Daga gona zuwa mutum

Annabawan Isra'ila sun ɗauki kalmar daga gona suka ɗora wa mutane. Irmiya ya kira Isra'ila nunan farin girbin Allah. In kuwa akwai na fari, to akwai sauran girbi a baya, wato sauran al'ummai. Zaɓen bai zama abin taƙama ba, ya zama nauyi. Zabura ta 111 da littafin Karin Magana kuma sun ce tsoron Allah shi ne reshit na hikima da sani. Ba darasin aji ɗaya ake nufi ba wanda ake wucewa a manta. Ana nufin kan da sauran jiki ke bi.

Ga Kirista, nan ne maganar ta kai ƙololuwa. A sura ta 15 ta wasiƙar farko ga Korantiyawa, Bulus ya kira tashin Almasihu daga matattu nunan fari na waɗanda suka rasu, kuma Linjila ta sa tashin a makon Idin Ƙetarewa, daidai kwanakin da ake kaɗa damin sha'ir. Abin da yake gaya wa masu makoki shi ne dami guda ya riga ya shiga, saura na tafe. Musulmi bai yarda da wannan aƙida ba, amma zai gane dalilin da ya sa maƙwabcinsa ke jin wannan karatu a wurin jana'iza.

Game da ayar farko ta Farawa, Rashi, shahararren malamin Yahudawa da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya kawo fassarar magabatansa cewa an halicci duniya ne saboda abubuwan da ake kira reshit, wato Attaura da Isra'ila. Wasu masu wa'azi na yau sun ja zaren har sun ce ayar da kanta tana nufin nunan fari. A ganina sun kai ta inda ba ta je ba. Ma'anarta a fili ita ce farkon lokaci. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne, a harshen nan farko yakan zo da abokin tafiyarsa, ƙarshe. Littafin Ayuba ya ce ƙarshen Ayuba ya fi farkonsa albarka, Ishaya kuma ya ce Allah na sanar da ƙarshe tun daga farko. Wanda ya fara shi ke da alhakin kammalawa, shi ya sa ake mayar masa da na farko.

Inda aka karkatar da abin

A wasu manyan majami'un biranen Najeriya an wayi gari ana koya wa mutane cewa albashin Janairu dungurungum nunan fari ne, a kawo shi, wanda ya ƙi kuma shekararsa ba za ta yi albarka ba. Wannan koyarwa tana ɓata mini rai. Attaura ta yi maganar dami guda da kwando guda, ba ta ce a kwashe gona a bar yara da yunwa ba. Ta kuma faɗi masu ci: mai hidimar da ba shi da gona, da baƙo, da iyalin manomin kansa. Littafin Sama'ila na farko ya ba da labarin 'ya'yan firist Eli da suka yi ƙiba da mafi kyawun baikon jama'a, kalmar da aka yi amfani da ita a wurin kuwa ita ce reshit, kuma ƙarshensu bai yi kyau ba. Mai bisharar ƙauye da ke rayuwa da 'yan dammunan da ikilisiya ta tara masa, shi ne ya fi kusa da Balawen da aka ambata.

A fadamunmu kuma wani ne ke riga kowa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, noma da bashi ya zama ruwan dare, na hukuma da na 'yan kasuwa. Manomi ya karɓi taki da man inji a kan zai biya da buhu in kaka ta yi. Ranar da ake bugun shinkafa mai bashi na tsaye a masussuka da buhunansa, na farko nasa ne tun ba a shuka ba. Bashi hakki ne, dole a biya, kuma ba na zargin talakan da ya rasa yadda zai yi. Roƙona ga manomi shi ne kafin a ɗinke buhun farko ya ɗebi ko da cikin ƙwarya ne ya aika gidan da ya san ba su yi noma ba bana. Roƙona ga mai bin bashi kuma, ya kau da kai ya bari a ɗiba.

Wannan duk maganar bakin girbi ce. Attaura tana da wata doka a kan ƙarshensa: kada mai gona ya yanke har gefe, kada kuma ya koma tsintar abin da ya zube, a bar wa matalauci da baƙo. Kala ke nan, wadda matanmu da yara ke yi a bayan masu girbi har gobe. Babi na gaba zai bi Rut, baƙuwa daga Mowab, zuwa gonar Bo'aza, sannan mu dawo fadamun Illo mu ga abin da ke saura wa masu kala a zamanin injin girbi.